Ɗaga PostgreSQL daga 13 zuwa 16 ba tare da an rufe kanti ba

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da rumbun bayanan wata manhajar kantunan magani a Kano, PostgreSQL 13 a kan sabar ɗaya tal. Tun Nuwamba 2025 aka daina fitar wa 13 gyara, dole mu koma 16. Oga kuwa ya ce ko minti biyar bai yarda a rufe ba, wasu kantunan kwana suke yi. Tunanina in tada sabar ta biyu mai bin ta farko, in ɗaga ta, sannan in juya kanta. Zai yiwu?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan hanyar ba ta ɓullewa. Kwafin da ke tura WAL (rajistar canje-canjen da sabar ke rubutawa) ɗanye sai lambar PostgreSQL ɗin sabar biyun ta zo ɗaya, 16 ba ta karanta na 13. Ka yi CREATE PUBLICATION a tsohuwar, CREATE SUBSCRIPTION a sabuwar, wato kwafin logical mai tura canje-canjen layuka, tun PostgreSQL 10 ake da shi. Amma mayar da saitin wal_level zuwa logical, wanda wannan kwafin ke buƙata, kansa sai an kashe sabar an kunna, ka sanar da ogan naka tun yanzu. A wannan hanyar, teburin da ba shi da babban makulli (primary key) zai ƙi UPDATE da DELETE. Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne ma'aunan da ke ba da lambar layi (sequences), ba sa bin kwafin. Ka gyara su da setval kafin ka juya, in ba haka ba rasit na farko zai ci karo da lambar da ke nan.

Maijidda_K:
Baba, a gafarce ni, duk wannan wahalar don kantin magani? Malam, ka sa PgBouncer (manhajar da ke tsakanin manhajarku da rumbun bayanai) a gaba, ƙarfe biyun dare ka ba shi PAUSE, ka yi pg_upgrade (kayan aikin ɗaga PostgreSQL) da --link, ka RESUME. Mintuna kaɗan ne. Sai dai da zarar ka kunna sabuwar, tsohuwar ta tashi aiki, babu komawa sai da kwafin ajiya (backup). Kuma ka gudanar da ANALYZE nan take, ko manhajar ta yi ta jan ƙafa.

Ɗan Fagge:
Na gode. Ubuntu ɗin ma 18.04 ce, in haɗa da ɗaga ta a tafiya ɗaya?

Baba Injiniya:
Da pg_upgrade kada ka haɗa. Daga glibc 2.28 (ɗakin karatun Linux da ke zuwa da sabuwar Ubuntu) tsarin jera haruffa ya canza, fihirisan rubutu (indexes) sai an sake gina su. Tunda sabuwar na'ura za ka tada, bi tawa hanyar, can fihirisan sabbi za su ginu.