Neman shawara: an ba ni kare ra'ayin 'yan hagu kan GMO da halatta ƙwayoyi, kaina ya ɗaure

Ɗalibar Siyasa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malaminmu ya shirya mana muhawara, ƙuri'a ta faɗo kaina in gabatar da matsayin 'yan hagu, wato masu ra'ayin gurguzu da makamantansu, kan abu biyu: abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO, da halatta miyagun ƙwayoyi. Ga inda na maƙale. Mutumin da zai ce a hana masarar GMO don yana tsoron illarta, shi ne kuma zai ce a ƙyale mutane su sha wiwi, alhali ita illarta ba a ɓoye take ba. Na san nan abokin karawata zai cafke ni. Saura kwana huɗu, ta ina zan ɓullo?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. In kika shiga ta ƙofar lafiya kin faɗi tun ba a fara ba. Ɗan hagu na asali tambaya ɗaya yake yi wa kowane lamari: abin nan a hannun wa yake, wa ke kwashe ribar, wa ke kwana a ciki?

Ɗauki iri. A 1996 kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da waken soya mai jure maganin ciyawa na Roundup, wanda shi ma nasa ne. Manomin da ya saya sai ya sa hannu cewa ba zai ajiye iri daga girbinsa ya sake shukawa ba. Wani manomi a jihar Indiyana mai suna Bowman ya nemi hanyar zagaye wannan, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 2013 alƙalai tara duka suka ba kamfanin gaskiya. A 2018 kuma kamfanin Bayer na Jamus ya saye Monsanto, manyan masu sayar da iri suka ƙara zama 'yan tsiraru. Wannan ne ke ci wa ƙungiyoyi irin La Via Campesina, gamayyar ƙananan manoma ta duniya, tuwo a ƙwarya: abin da manomi ya gada kaka da kakanni, ajiye iri, ya koma laifi.

Sai ki juya kan ƙwaya da tambayar nan. Shugaba Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gaban Amurka a 1971. Dokar Amurka ta 1986 ta sa dilan da aka kama da giram 5 na dunƙulalliyar hodar ibilis, wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙaƙe, ya sha ɗaurin shekara biyar daidai da mai giram 500 na garin hodar. Sai 2010 aka rage wannan rata. A iri, doka ta kare babba. A ƙwaya, doka ta danne ƙarami. Zaren da ya ɗinke su ke nan.

Mai Nazarin Tsirrai: Baba Malam, a yi min afuwa, kun wanke su da yawa. Da dama cikinsu ba maganar mallaka suka yi wa jama'a ba, tsoro suka shuka, suka ce abincin guba ne. Ƙanwata, kar ki maimaita wannan, za a ƙure ki. A 2016 cibiyoyin kimiyya na ƙasa na Amurka sun fitar da babban rahoto, ba su samu hujjar cewa GMO da ke kasuwa ya fi sauran abinci hatsari ga lafiya ba. A shekarar ce kuma sama da mutum 100 masu lambar Nobel suka rubuta wa ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace cewa ta daina yaƙar shinkafar nan mai ruwan zinare, wadda aka ƙirƙira don yaran da rashin sinadarin bitamin A ke makantarwa. Mark Lynas, wanda da hannunsa ya taɓa lalata gonakin gwaji a Birtaniya, ya tashi a Oksfod a 2013 ya nemi gafara.

Kuma ba kowane GMO ne na ɗan kasuwa ba. Gwandar Hawayi da cuta ta kusa ƙararwa, masu binciken jami'a ne suka ceto ta da sabon iri a 1998. Insulin ɗin masu ciwon suga tun 1982 ake haɗa shi da ƙwayoyin halittar da aka sauya, ban taɓa jin an yi masa zanga-zanga ba.

Uwar Biyu: Ni dai in kin tashi ki faɗa musu aikin makaranta kike yi. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan ƙwaya ba zai ji kalmar halattawa ya ji daɗi ba. Allah ya shirya mana zuri'a.

Lauyan Zaure: Amin Hajiya, kuma maganarki ta kawo mu kan kuskuren da ke cikin tambayar. Daina ɗaure mashayi daban, buɗe kasuwa daban. Fotugal a 2001 ba ta halatta komai ba. Wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ana tura shi gaban kwamiti mai ɗauke da masanin doka da ma'aikatan lafiya ko jin daɗin jama'a, ba gaban alƙali ba. Dila kuwa har gobe kurkuku zai je. Sun haɗa da zuba kuɗi a jinya, yaɗuwar cutar ƙanjamau tsakanin masu allura ta ragu sosai. Yurugwai ce ta halatta wiwi a 2013 zamanin Shugaba José Mujica, shi ma hujjarsa a ƙwace kasuwar daga hannun 'yan safara, gwamnati ta riƙe linzami. Kanada ta biyo a 2018.

Ki shirya wa jihar Oregon ta Amurka, don da ita abokin karawarki zai jefe ki. Jihar ta kaɗa ƙuri'ar daina hukunta mashaya a 2020, wuraren jinya ba su kankama da wuri ba, fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi, ya mamaye tituna, a 2024 suka janye.

Wani abu kuma, layin bai miƙe yadda malaminku ya zana ba. Masanin tattalin arziki Milton Friedman, uban masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara, ya goyi bayan halatta ƙwayoyi. Sin da Kyuba, da ke kiran kansu 'yan gurguzu, ba sa wasa da mai ƙwaya, kuma dukansu gwamnati ce ke ɗaukar nauyin binciken GMO.

Ɗalibar Siyasa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in ya ce min: tunda kun ƙi kamfani ya mallaki iri, me ya sa za ku yarda kamfani ya sayar da wiwi?

Tsohon Malami: Ki ce masa ya yi gaskiya, kuma 'yan hagu da yawa ba su yarda ba, shi ya sa suka fi son tsarin Yurugwai a kan na Kanada, inda manyan kamfanoni suka shigo har da kuɗin masu taba da giya. Ki buɗe da shari'ar Bowman, ki ajiye Fotugal sai ya taso da Oregon. Shinkafar zinare kuwa ki riga shi ambata.