Jemagen bikin Halowin (bikin shigar ban tsoro na Turawa) a kan faifan ɗora kofi: baƙin zare na leƙowa

Tambaya: 'Yan'uwa, saƙar kwarashi mai zare biyu ce, jemage baƙi a kan launin ruwan lemo. Me ke sa baƙin zaren ya leƙo ta cikin mai ruwan lemon, faifan kuma ya lanƙwashe?

Amsa: 'Yar'uwa, kwarashinki ya yi girma. Koma na milimita 3, zaren auduga, ki matse saƙa. Zaren da ke hutawa ki kwantar da shi bisa layi, ki saƙa a kansa. Kina jan sa da ƙarfi, shi ya sa faifan ke lanƙwashewa. Ki ɗan miƙe saƙar bayan kowane layi.

Amsa: Sauya launi a jan ƙarshe na ɗinkin da ya gabata, in ba haka ba fukafukan su karkace.

Amsa: Ulun roba dai a'a, Anti. Ba ya shan ruwan da ke sauka daga kofi.