Autumn: kaka ce ko zubar ganye?

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana a kan fassarar kalmar Turanci autumn zuwa Hausa. Wasu na rubuta bazara, wasu lokacin zubar ganye, wasu kaka. Ni kaka na zaɓa.

2/ Bazara kam a cire ta. Ita zafi ce da jiran ruwan shuka. Autumn kuwa a Turai daga Satumba ne zuwa Nuwamba, rana na gajarcewa, sanyi na ƙaratowa.

3/ Zubar ganye ta fi kusa, Amurkawa ma fall suke cewa. Amma manomin can ba ganye ya dame shi ba, amfanin gona ne. A da Turawan Ingila da kansu harvest suke kiran lokacin, wato girbi.

4/ Ku duba al'adunsu. A da a karkarar Ingila, ranar 29 ga Satumba, ranar Mala'ika Mika'ilu, ake biyan kuɗin hayar gona, barori da ma'aikatan gona su ƙulla aikin wata shekara. A Ailan ma a da, daren 31 ga Oktoba ake bikin Samhain: a dawo da shanu daga makiyaya, a yanka na yankawa, a hura wuta. Sabuwar shekarar Yahudawa, Rosh Hashana, a Satumba ko farkon Oktoba take faɗowa, ana tsoma tuffa cikin zuma. 'Yan juyin juya halin Faransa ma daga 22 ga Satumba 1792 suka fara ƙirga kalandarsu, watan farko kuma sunan girbin inabi suka ba shi.

5/ To, ba haka kakarmu take ba? Gero ya shiga rumbu, a fitar da zakka, a biya bashin damina, a sa ranar aure, 'yan dambe su fito, matasa su yi kalankuwa. Nan manomi yake sanin yadda shekararsa ta kaya, nan yake ware irin baɗi. Wannan nauyin ne zubar ganye ba za ta iya ɗauka ba. Balle mu sai hunturu ya kankama itatuwa ke kaɗe ganye.

6/ Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar mu ari kharif daga Larabci. Malam, a Sudan damina ake nufi da ita, za mu rikita Hausawan can.

7/ Matsala ɗaya nake gani: 'yan jarida sun riga sun saba mana da kakar wasa da kakar zaɓe. Saboda haka a riƙa rubuta "lokacin kaka" a cike, in da fargabar ruɗani a ƙara "a ƙasashen sanyi".