Ina son shiga kulob ɗin masu shiga kogo a Ingila, ta ina zan fara?

Danladi_Leeds: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sha'awar shiga ɗaya daga cikin kulob-kulob na masu shiga kogo a nan Yorkshire. Yaya ake zama mamba? Sai na sayi kaya tukuna? Kuɗin da ake biya kuma na mene ne?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Ka rubuta wa sakataren kulob ka ce kai sabo ne. Yawancinsu za su ɗauke ka tafiyar gwaji, su ara maka hular kwano da fitila. In abin ya karɓe ka sai ka cike fom. Wasu kulob sai mambobi biyu sun tsaya maka, kuma ka yi watanni a matsayin mamban wucin gadi kafin a tabbatar da kai.

Kuɗin shekara ya haɗa da rajistar British Caving Association, wato ƙungiyar masu shiga kogo ta Birtaniya, ita ke ba da inshora. Amma a fahimta: inshorar na ɓarnar da ka jawo wa wani ne, ba ta biyanka in ka karye. Masu gonakin da bakin kogo ke cikinsu sukan nemi a nuna ta kafin su bar mutum ya wuce. Sauran abin da za ka samu: igiyoyin kulob, makullan kogunan da ake kullewa, da gadon kwana mai araha a masaukinsu. Kai ma da naka aikin, wankin igiya da sharar masauki ba a barin su ga wasu.

Hajara_S: Ɗan'uwa, maganar sutura ita ce babba. Sanyin cikin kogon Ingila bai wuce digiri 8 zuwa 10 ba duk shekara, ga ruwa. Kada ka sa auduga ko jins, in sun jiƙe zuƙe ɗumin jiki suke yi. Rigar ciki mai laushi irin ta roba wadda ke saurin tsanewa, a kanta doguwar riga mai kauri haɗe da wando, takalmin ruwa, safar masu ninƙaya, da matashin gwiwa don rarrafe. Fitila biyu, ɗaya ta ajiya. Ga 'yan uwa mata, ƙaramin hijabi mai kama kai yana shiga ƙarƙashin hula lafiya, sai dai a cusa bakinsa cikin riga, domin ƙarfen da ake sauka da shi a igiya yana cafke duk abin da ke lilo, har gashi.

Injiniya Bello: Da yawa daga kogunan Yorkshire ramuka ne masu zurfi, dole ka koyi sauka da hawa a igiya guda. A sama ake koya, a bango ko bishiya, har sai ka iya juyawa daga sauka zuwa hawa kana rataye. Wanda bai iya wannan ba shi ke maƙalewa a tsakiyar rami.

Ruwa kuwa yana cikin abubuwan da suka fi kisa. Ruwan sama a kan tudu yana bin tsagar dutse ya cika ƙananan hanyoyi cikin ɗan lokaci. Haka mutum shida suka rasu a kogon Mossdale a 1967. Shi ya sa jagora ke duba hasashen yanayi, in ya soke tafiya kada ka yi musu. Ana shiga aƙalla mutum huɗu: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kuma a bar wa wani a waje sunan kogon da lokacin fitowa. In lokacin ya wuce ya kira 999, ya nemi 'yan sanda, ya ce ceton kogo ake buƙata.

Danladi_Leeds: Na gode ƙwarai. Akwai hanyar da zan leƙa in gani kafin in yi rajista?

Malam Sani: Akwai. Gaping Gill, ramin da ya kai kusan mita 100. Bradford Pothole Club na zura mutane a kujera da inji a watan Mayu, Craven Pothole Club kuma a Agusta. Ka je da rigar ruwa, kuma ka yi sammako don layi yana tsawo.