Wane launi zan haɗa wa yara su yi zane a tsakar gida da bazarar nan?

Assalamu alaikum iyaye mata da 'yan uwa. Ina zaune a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina da 'yan biyu masu shekara 2, kuma shawararku nake nema.

Zafin Afirilu a nan yakan haura digiri 40, ɗaki ba ya zaunuwa, sai mu fito gindin darbejiya da sassafe ko bayan la'asar. Ina so hannunsu ya saba da taɓa abubuwa, su dangwala, su shafa a kwali ko bayan faranti. Sai dai komai suka taɓa baki yake zuwa, shi ya sa ban yarda da fentin kanti ba, shuni ma na hana.

Ruwan zoɓo ya ba ni ja mai kyau, kurkum ya ba da rawaya, garin kuka kore. Matsalar ita ce kauri. In ruwa ne zalla, kafin yaro ya ja layi ya bushe. Da na dama da kullun gero ya yi kauri, amma nan take ƙuda da tururuwa suka yanyame mu, ga shi da wuri yake tsami. Kukar kuwa yauƙinta ya sa ɗayan ƙin taɓawa sam.

To me kuke zubawa ya riƙe danshi ba tare da ya jawo ƙwari ba? Sitacin rogo zai yi? Ƙaro fa, akwai illa in yaro ya lasa?

Sannan yashin kogin Mayo Kaliao da babansu ya ɗebo musu don wasa, wankewa da shanyawa a rana sun isa kafin in ba su, ko sai na soya shi a kasko? Don Allah wadda ta gwada ta faɗa min.