Me ya haɗa fulawar gurasa da fulawar ado?

Maman 'Yan Biyu, gefen Kura:
Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata gurasa, tanderuna biyu a tsakar gida, kuma tun ina budurwa hannuna ke cikin kwaɓi. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Garin da nake awo a shago sunansa fulawa. Zanen gadon da na saya wa ƙanwata na aure an ce mai fulawa ne, na roba da ake jerawa a kan kabet ita ma fulawa. Ga gonakin alkama kewaye da mu duk rani, ban taɓa ganin ta fitar da furen da za a yi ado da shi ba. Bakinmu ne ya haɗe kalmomi biyu na Turawa, ko dama can ɗaya ne? Don Allah masu ilimi a warware mini.

Malamin Turanci, Bunkure:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bakinmu bai yi laifi ba. Yau Turawa na rubuta na gari flour, na fure kuma flower, amma a kunne ɗaya suke, kuma asalinsu ma kalma ɗaya ce. Daga Faransanci ta shigo, cikin tarin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Faransancin kuma daga Latin ya gaje ta, inda take nufin fure.

Yadda gari ya shigo ciki shi ne, a wurinsu furen abu yana nufin zaɓaɓɓen cikinsa, wanda ya fi kyau. Idan an niƙa alkama a dutse aka tankaɗe, lallausan farin da ya sauka shi suke kira furen gari. Da tafiya ta yi nisa sai aka yar da "gari", furen kaɗai ya rage a baki. Rubutun ma bai rabu da wuri ba: ƙamus ɗin Turanci da marubucin Ingila Samuel Johnson ya fitar a 1755 flower ya rubuta wa duka biyun. Ina jin daɗin wannan kalma ƙwarai, don Bahaushe ya karɓe ta da kunne, ya mayar da ita guda ɗaya kamar yadda take tun farko.

Manomin Rani, Kadawa:
Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ni wannan kirari na "wanda ya fi kyau" bai kwanta mini ba. Alkama nake shukawa da ruwan madatsar Tiga idan sanyi ya shigo, na san abin da ke cikin ƙwayarta. Kafin a sami farar fulawa sai an cire dusa, an cire ɗan idon da ke tsirowa, sai farin tsakiya kawai a bari. To ai ƙarfin yana cikin abin da aka cire. Dusar nan buhu-buhu muke saye muna ba shanun kiwo, cikin wata biyu ka ga sa ya murje. Mu kuma a bar mu da fari.

Iyayenmu da suke funkaso da alkaki da garin alkama, rariya suke sawa su tankaɗe, tsakin a sake kai shi niƙa, ba a zubar da komai. Kuma alkama ba Bature ya kawo mana ita ba, sunanta ma na Larabci ne, haka gurasa. Fulawar buhu ce baƙuwa. Shi ya sa har gobe idan mace ta ce garin alkama, kowa ya san ba fulawa take nufi ba.

Malamin Turanci, Bunkure:
Gaskiyarka Baba. Masu sanya sunan laushi da fari suka duba, don a zamaninsu farin burodi abincin masu hali ne, talaka mai duhu yake ci. Abin da ka faɗa ne ma ya sa ake ƙara wa fulawar kamfani sinadarai, a Najeriya doka ta wajabta a sa mata bitamin A.

Maman 'Yan Biyu, gefen Kura:
Na gode Malam, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Maganar Baba na gan ta a tanderu. Zallar fulawa ta fi tashi idan yis ya kama, ta fi laushi, masu bandashe ita suke so. Wadda na sirka da garin alkama ba ta kumbura sosai, launinta ya ɗan yi duhu, amma ta fi ƙamshi kuma ta fi riƙe ciki. Tsofaffin unguwarmu ita suke aikowa a saya musu, musamman da azumi. Baba, idan kun yi girbi a tanadar mini buhu ɗaya, mai gidana zai zo Kadawa ya ɗauka, a injin garinmu zan niƙa.