Neman kalma: injin da ke ƙera abu daga garin ƙarfe

Hauwa'u, Auyo:
Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Laraba za mu naɗi shirin masu sana'a a gidan rediyo, kuma dole in miƙa wa furodusa rubutun kafin la'asar ɗin Talata. Maganar kan fasahar da Turawa ke kira additive manufacturing ko 3D printing ce, wato inji ya fitar da abu daga zanen kwamfuta, ɓangaren ƙarfe, da fargabar da ake yi cewa za a riƙa fitar da sassan bindiga da ita. Masu sauraronmu manoman rani ne da maƙera da masu walda, daga nan har Kafin Hausa da Miga. Sunan fasahar nake nema, da sunan injin. Na rubuta "buga ƙarfe" na wucin gadi, amma kunnena bai karɓa ba.

Malam Isyaku, Kura:
Wa alaikumus salam. Goge "buga" tun yanzu, 'yar uwa. Akwai bindiga a shirin. Kika ce "wani ya buga bindiga", duk wanda ke bakin rediyo zai ɗauka harbi aka yi.

Injiniya Nura, Wudil:
Kafin a raɗa suna a san abin. Hanyar da aka fi bi ita ce ta garin ƙarfe da leza, wato haske mai ƙarfi da ake tattarawa a ɗigo guda. Ana zana abin a kwamfuta, manhaja ta yanka zanen falle-falle. Cikin injin akwai faranti, a matsakaicin inji santimita 25 kowane gefe. Wata wuƙa ta share gari a kansa, kaurin maikiron 20 zuwa 60. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashi yakan kai wajen 70. Leza mai ƙarfin wat 200 zuwa 400 ta narkar da garin a inda zanen ya nuna kawai, faranti ya sauka da kaurin falle ɗaya, a sake share gari. In falle maikiron 30 ne, abu mai tsayin santimita 3 sai an yi masa shimfiɗa 1,000. A rufe ake yi, an cika cikin injin da iskar agon ko naitirojin har oksijin ya koma ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, in ba haka ba ƙarfen ya ƙone tun yana narke.

Kuma injin ba ya miƙo abu a gama. Sai an kwashe ragowar gari, a gasa abin a tanderu yana manne da farantinsa don kada ya kantare, sannan a yanke shi, a ɓalle madogaran da aka gina ƙarƙashin duk inda ya kwanta ƙasa da digiri 45, a goge fuskokinsa. Sassaƙa ragewa ce, zubi kwarara ne cikin mazubi, wannan kuwa ɗorawa ce. Na ba da "ƙirar ɗori".

Malam Isyaku, Kura:
Injiniya, ɗori a ƙauye na karaya ne. Za su ce ƙarfen asibiti da ake sa wa ƙashi.

Baba Sale, Ɗambatta:
Yadda yaron nan ya bayyana, ai ginin tukunya ne: a ɗora zagaye, ya kama, a ɗora wani. Ku ce "ginin ƙarfe".

Injiniya Safiya, Kazaure:
Baba, kwatancen ya zauna daram, amma sunan wasu sun riga mu. Ginin ƙarfe a bakin magina sito ne na rodi da kwano. "Ƙirar ƙari" ma da wasu ke rubutawa fassarar kai tsaye ce, ga ƙari kuma ciwo ne. Ni "ƙirar hawa-hawa" na fi so.

Malam Tijjani, Ringim:
Na karanta duka, raina bai yi daɗi ba. Leza, agon, maikiron, furodusa, sannan a ce ana neman kalmar Hausa? Harshe mai tsayau da zaunau ba zai rasa suna guda ba. Kalmar ita ce ɗorau. Fasahar ɗorau, injin maɗori, mai aikin maɗorin ƙarfe. Gajeriya ce, tana bin ƙa'ida, tana haihuwa. "Ƙirar hawa-hawa" bayani ne, ba suna ba.

Malam Isyaku, Kura:
Allah gafarta Malam, in injin maɗori ne mai aikin ma maɗori, wa za a kama in an yi ɓarna?

Malam Tijjani, Ringim:
Sai a ce na'urar maɗora. Wannan ba hujja ba ce. Tanzaniya ta kafa majalisar kula da Suwahili tun 1967, mu kuwa muna da cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero, amma kowane mai lasifika sai ya ari ta Turawa ya lanƙwasa. Raini ne. Da wanda ya ƙirƙiro kalmar jirgin sama ya yi irin kasalarku, da yau eroplen muke cewa.

Injiniya Nura, Wudil:
Jirgin sama ma kalma biyu ce, Malam, bayani ne. Kuma "na'ura mai ƙwaƙwalwa" tana nan a takarda, amma a kasuwa kwamfuta ake saya.

Malam Tijjani, Ringim:
Saboda irinku ne suka ƙi faɗinta. Ku Kanawa kun ɗauka duk abin da bai fito ta Ƙofar Nasarawa ba ba Hausa ba ne.

Malam Isyaku, Kura:
To fa. Ringim ɗin yaushe ta bar Kano, ba 1991 ba?

Hauwa'u, Auyo:
Don Allah iyayena, a bar maganar jiha. Lokaci na tafiya. Anti Safiya, ɓangaren bindigar fa? Ba na so in tsorata mutane, ba na kuma so in raina abin.

Injiniya Safiya, Kazaure:
Raba abu biyu, ƙanwata. A watan Mayun 2013 wata ƙungiya a Amurka, Defense Distributed, ta saki a intanet zanen ƙaramar bindigar roba mai suna Liberator, wadda ake ƙerawa da wannan fasaha, aka sauke shi fiye da sau 100,000 cikin kwana biyu kafin gwamnati ta sa a cire. A Nuwamban shekarar kamfanin Solid Concepts a Texas ya fitar da ta ƙarfe, amma shi yana da lasisin ƙera makamai, kuma injin masana'anta ya yi amfani da shi. Irin wannan inji kuɗinsa dubban ɗaruruwan daloli ne, yana son wutar da ba ta ƙiftawa, da iskar agon, da tanderu. Waɗanda ake kamawa a duniya galibi na roba ne daga ƙananan injuna masu araha. Maharin Halle a Jamus a 2019 ya yi amfani da makaman da ya haɗa da kansa, wasu sassansu na roba ne irin wannan. Saboda haka sunan da za ki ɗauka ya iya ɗaukar roba da ƙarfe duka.

A nan gida, abin da ya fi kusa da mu har yanzu ƙirar hannu ce. Amma doka ba ta tambayar da me aka ƙera. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko da izinin hukuma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa har da sassansu. A jihar New South Wales ta Ostireliya, tun 2015 ajiye zanen kawai a kwamfuta laifi ne.

Ki kuma faɗa musu haɗarin da ke kan mai riƙewa. In zafin leza ya gaza, falle ba ya kama falle, sai a bar gurbi a ciki. In ya yi yawa, tururin ƙarfe ya bar kumfa. Ido ba ya ganin ko ɗaya, sai na'urar hoton ciki. A fankar injin ban-ruwa, ƙarshenta ta tsage a canza. A abin da ke ɗaukar matsin fashewa, hannu da fuska ne ke biya.

Injiniya Nura, Wudil:
Ƙari kan ladubban shagon da ke karɓar aiki. A rubuta sunan mai aiki da shaidarsa da amfanin abin. Mutum ya buɗe zanen ya duba, kada a tura wa inji kai tsaye. A lura da mai kawo aiki gutsi-gutsi a ranaku daban-daban, da mai ƙin faɗin injin da abin zai shiga. A adana tarihin aikin da injin ya yi, a farfasa duk abin da ya lalace kafin ya tafi wajen 'yan gwangwan. Garin kansa ma abin tsoro ne: na alminiyom da taitaniyom yana kama wuta, kuma ba a zuba masa ruwa, sai abin kashe gobarar ƙarfe. Baƙin da ke taruwa a matatar injin yakan kama da kansa in ya sha iska. Agon ba ya wari, ya fi iska nauyi, in ya zubo a rufaffen ɗaki yana kwantawa ƙasa ya shaƙe mutum.

Baba Sale, Ɗambatta:
To na janye "gini". Ku riƙe "ƙira". Duk maƙeri ya san akwai aikin da ba a karɓa daga baƙon fuska, kuma ya san Sarkin Maƙera zai tambaye shi. Kuka kira shi bugu ko wani sabon suna, yaran za su ɗauka maɓalli kawai suka danna, babu alhaki a kansu.

Malam Tijjani, Ringim:
Maganar Baba ta yi, ba na ja da ita. Sai a ce "ƙirar ɗorau", kowa ya samu.

Hauwa'u, Auyo:
Na gwada wa masu walda biyu a bakin tasha. "Ƙirar hawa-hawa" sun gane da bayani ɗaya. "Ƙirar ɗorau" ɗaya ya tambaye ni ko sunan gari ne. Zan tafi da "ƙirar hawa-hawa", in ce ta ƙarfe ko ta roba. Sassan kuma "sassan bindiga na ƙirar hawa-hawa". Injin ne har yanzu ban samu ba.

Injiniya Safiya, Kazaure:
Ce "injin ƙirar" kawai, tunda kin riga kin ambaci sunan. Masu sayarwa dai firinta za su ci gaba da cewa.

Malam Tijjani, Ringim:
Ki ambaci ɗorau ko sau ɗaya ne, ki ce wasu malamai haka suke kira. Kuma a rubuta cewa ban yarda da "leza" ba.

Hauwa'u, Auyo:
Zan ambata, Malam. Leza kuwa sai dai a kawo madadinta kafin azahar ɗin Talata.